Lambar Da Baba Ya Rubuta Da Hannun Hagu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya san adadin kowane abu, babu ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi da ta kuɓuce wa ƙidayarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan ɗaya ne daga labaran Shehinmu, malami masani, mai tsentseni, mai gudun duniya, fitilar ɗalibai kuma mafakar masu damuwa, Allah Ya ƙara masa yarda. Duk wanda ya zauna gabansa ya shaida zurfinsa a fiƙihu da tafsiri da nahawu, amma kaɗan ne suka san irin buɗin da Allah Ya yi masa a ilimin hisabi, domin mutum ne da ke ɓoye baiwarsa yadda mu muke ɓoye aibinmu. Ɗakin karatunsa bai fi taku shida ba: darduma ɗaya da ta koɗe, kantar littattafai da ta lanƙwashe a tsakiya, buta, sai wata fanka mai ƙara da ya hana a canza, wai ita ma nata tasbihin take yi. A shekarun da wannan abu ya faru ganinsa ya riga ya yi rauni, sai dai a karanta masa ya gyara.

Cikin masu zama gabansa bayan la'asar akwai wani bawan Allah da kowa ke kira Mai Gilashi, saboda sana'arsa ke nan: yankan gilashi da sa shi a tagogi da madubai da firam ɗin hotuna. Ƙaton mutum ne ɗan kimanin shekara hamsin, yatsunsa duk tabon yanka, mai saurin fushi, mai saurin hawaye, kuma in ya riƙe mutum a zuci sai Allah. Abin dariyar shi ne, mahaifinsa ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi a makaranta, amma shi babban ɗan nan in aka ce masa bakwai sau takwas sai ya dubi sama kamar a can aka rubuta. Awon taga ma a tafin hannunsa yake rubutawa da biro. Tun yana ƙarami, duk lokacin da ya kawo amsa, Baba ba ya duka, ba ya tsawa, sai dai ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "Babba, sake ƙirgawa." Har ya yi furfura, in ya faɗi wata magana da ba ta yi wa Baba ba, abin da zai ji ke nan.

To sai ga shi wata safiya Baba ya faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Aka kwashe shi zuwa asibiti, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta kama dama, ta tafi da magana. Bayan mako biyu aka sallamo shi, aka kwantar da shi a ɗakinsa da ke gidan Mai Gilashi, tsakanin tsofaffin littattafansa da ɗan baƙin allon da ya taho da shi ranar da ya bar aiki. Hankalinsa garau, idanunsa na bin kowa, amma harshe ya ƙi. A rana ta uku ya yi nuni a ba shi takarda da fensir, ya kama da hannun hagu, ya yi ta fama yana gumi har ya rubuta lambobi takwas a karkace:

12252240

Ya miƙa wa Mai Gilashi, ba wa kowa ba, ya kafe shi da ido.

Nan fa gida ya ɗauka. Ƙannen Mai Gilashi mata uku suka zo da 'ya'yansu, kowa da nasa fassarar. Wata ta ce lambar waya ce, aka buga, aka sa sifili a gaba aka sake bugawa, har aka tashi wani mutum daga barcin rana ya zazzage su. Wata ta ce lambar katin asibiti ce, aka duba, ba ita ba. Ta ukun ta ce a gwada a makullin tsohon akwatin Baba, alhali makullin lamba uku yake ci. Duk wanda ya kawo shawara, Baba ya rufe ido ya kau da kai bango. Kowace safiya ya sake rubuta ta, ya sake miƙa wa babban ɗansa. Daga rana ta biyar kuwa ya daina karɓar abinci. Matar Mai Gilashi, wadda ta fi kowa iya lallaɓa shi, ta kawo cokali bakinsa, ya datse leɓe; in an matsa ya kurɓi ruwa kaɗan, shi ke nan. Likita ya zo ya duba, ya ce maƙogwaro lafiya lau, tsohon ne dai ba ya so, kuma in aka ƙara kwana huɗu ko biyar a haka ba ya ɗaukar wa kowa alkawari.

Tsoro ya kama Mai Gilashi, tsoro na gaske. Ba mutuwar kaɗai ba, kowa zai mutu. Abin da ke cin sa shi ne mahaifinsa ya tafi yana roƙonsa wani abu, shi kuwa yana tsaye kansa da takarda a hannu bai gane ba.

Ranar nan ya zo karatu bai buɗe littafi ba. Da aka shafa fatiha, Shehi ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaune, ya ce, "Mai Gilashi, yau numfashinka ya fi na fankata ƙara. Yaya mai jiki?"

Sai ya fashe. Ya ba da labari yana share hanci da bayan hannu, ya zaro takardar daga aljihu.

"Karanta mini," in ji Shehi.

Ya karanta ɗaya bayan ɗaya, kamar mai faɗin lambar mota. Shehi ya sunkuyar da kai, ya ja ƙwayar carbi ba su fi goma ba, sannan ya yi murmushi irin na wanda ya gamu da tsohon aboki a hanya.

"Miliyan goma sha biyu, da dubu ɗari biyu da hamsin da biyu, da ɗari biyu da arba'in. Masha Allah. Wannan lamba ce mai adalci. Ka raba ta wa mutum biyu, ta rabu. Uku, ta rabu. Huɗu, biyar, shida, bakwai, haka za ka yi ta tafiya babu saura ko ɗaya, har sha bakwai, har sha takwas. A sha tara ne take tsayawa, ta bar saura sha huɗu. Kuma duk cikin lambobi babu wadda ta fi ta ƙanƙanta da za ta iya wannan aiki."

Akwai wani dattijo a cikinmu, Mai Kemis, mutumin kirki amma ba ya yarda da komai sai ya gwada, ko zuma ce sai ya karanta takardar jikinta. Ya zaro waya ya sa a ƙarƙashin riga wai kada a gani, ya shiga latsawa. Muna jin sa yana "Allahu Akbar" ƙasa-ƙasa a sha ɗaya, "Allahu Akbar" a sha uku, a sha takwas ya manta da ɓoyon ya ɗago wayar sama ya ce, "Dubu ɗari shida da tamanin da ɗari shida da tamanin, cif! Sha tara kuwa ta ƙi, wallahi ta ƙi!" Shehi ya ce, "Allah Ya saka wa wayarka da alheri," aka yi dariya, aka watse.

Amma ya riƙe hannun Mai Gilashi har ɗakin ya zama daga shi sai shi, domin Shehi, Allah Ya ƙara masa sutura, bai taɓa buɗe asirin mutum a gaban mutane ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Mai Gilashi muka ji shi, da izininsa kuma nake rubutawa.

"Jikokin mahaifinka nawa?"

"Sha shida, Allah gafarta Malam. Nawa shida, na ƙannena mata goma."

"Da sha shida ne, dubu ɗari bakwai da ashirin da ɗari bakwai da ashirin ta ishe su. Wannan an ninka ta sau goma sha bakwai." Ya ƙara riƙe hannunsa. "Sha bakwai ba ta faɗawa cikin lamba bisa kuskure, ɗana. Ba ta haɗuwa daga biyu da uku da biyar. Sai mutum ya nufe ta, ya buɗe mata wuri da hannunsa."

Mai Gilashi ya ce a nan ya fara gane inda aka dosa. Domin ya san waccan lambar, 720720: ita ce a kusurwar allon Baba, an zagaye ta da alli, an rubuta "Kada a goge" a ƙasa, shekara da shekaru yana ganinta bai taɓa tambaya ba. Sai kuma ya tuna wata rana mai nisa, lokacin jikoki shida ne, Baba ya zube dabino sittin a faranti yana cewa, "Ku duba, ko biyu suka zo, ko uku, ko huɗu, ko biyar, ko duka shidan, kowa zai samu daidai, ba saura, ba kuka. Wannan ita ce lambar gidan nan. In an ƙaru, sai mu ƙara ta." Ranar dariya suka yi, suka ce Baba da lissafinsa, suka cinye dabinon.

Ya kuma san ko wace ce ta sha bakwai.

Yana da ƙane namiji guda ɗaya, Auta, direban babbar mota. Shekara biyar kafin wannan, mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali tana ta kiran Auta, shi kuwa yana hanya mai nisa, ya ce bari ya sauke kaya ya juyo, bai ɗauka abin ya kai haka ba. Ya iso kwana biyu bayan an binne ta. Mai Gilashi ya tare shi a ƙofa ya ce, "Wadda ke nemanka ta tafi. Ba ka da kowa a gidan nan." Baba na ciki, baƙin ciki ya rufe masa baki. Auta ya shiga ya cire hoton mahaifiyarsu daga bango, ya fita. Daga baya saƙo ya shigo wayar Mai Gilashi cewa ya yi aure, ya goge. Wani ya sake shigowa: "Yaya, an samu mace. Ka faɗa wa Baba." Ya goge wannan ma, ya goge lambar, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa, ita ma cikin faɗa.

"Malam, ban san inda yake ba," in ji Mai Gilashi. "Ya canza waya, ya bar inda yake aiki. Kwana huɗu likita ya ce. Ina zan same shi a kwana huɗu?"

Shehi ya saki hannunsa, ya ce, "Gobe in ka buɗe shago, aikin farko da ya zo maka kada ka raina shi." Har Mai Gilashi ya kai ƙofa ya ji Shehi ya ƙara da cewa, "Sha takwas kuma tana ciki. Ita ba wanda ya sa ta, ta tarar an shirya mata wuri."

Bai gane wannan ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya isa gida ya sami matarsa a kicin tana wanke kofin da Baba ya ƙi sha, ya ce, "Wa ya faɗa wa Baba maganar 'yar Auta?"

Ba ta ko juyo ba. "Ni."

"Yaushe?"

"Shekara uku ke nan. Ina ba shi shayi na faɗa masa. Ya yi kuka, sannan ya ce in yi shiru, daga bakinka yake so ya ji. Shi ya sa bai taɓa allon ba." Ta ajiye kofin. "Ni lambar ce ban gane ba, da tuni na ɗora maka ita a ka. Shekara uku, Baban yara. Kullum ka shiga gaishe shi sai ya gyara zama."

Washegari ya buɗe shago da wuri, ya zauna tsakanin fallayen gilashi yana jiran wani babban al'amari. Abin da ya zo shi ne waya daga wata tsohuwa mai kula da wani gidan haya a can ƙarshen gari: yara sun fasa gilashin taga ɗaya da ƙwallo, a hawa na uku, bai fi faɗin littafi ba, ta ga lambarsa a jikin wani tsohon madubi. Irin aikin da ko a ranar da ba shi da komai yake cewa a nemi wani. Har bakinsa ya buɗe zai faɗi haka, sai ya tuna. Ya yanki gilashi, ya naɗe a jarida, ya ɗaure a bayan babur.

Ya hau matakala yana haki yana ƙunƙuni. Wata mata mai tsohon ciki ta buɗe masa ƙofa, ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa tagar, ta koma ciki. Ya durƙusa ya fara zare fasassun gilashin daga firam. Wata yarinya 'yar shekara uku ta zo ta tsaya kansa, hannu a baya, tana duba aikin kamar ita ta ba shi kwangila.

"Guda nawa ya fashe?" ta ce.

"Biyar."

Ta leƙa ƙasan kujera. "Ga wani can."

Ya juya zai ɗauko, sai idonsa ya sauka kan bango. Hoton mahaifiyarsa ne, da mayafinta mai ruwan toka. Ko da bai ga fuskar ba zai gane gilashin, domin shi ya yanka shi yana sabon koyo, kusurwar hagu ta ɗan ɓare, ya ɓoye ɓarin da baƙin fenti. Ƙaton mutumin nan ya zauna daɓas a ƙasa cikin tarkacen gilashi ya kama kuka, yarinya ta ruga tana kiran, "Mama, mai gyara ya yanke!"

Ashe gidan Auta ne: ya daina dogon zango, motar kai kaya yake ja a cikin gari. Matarsa ta kira shi, ya iso cikin rabin sa'a, ya tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. Mai Gilashi ya shirya maganganu da yawa a zuciyarsa, amma abin da ya fito kaɗan ne.

"Auta, na zalunce ka. Na goge saƙonka. Baba ba ya cin abinci."

Auta ya dube shi. Sannan ya ce da matarsa, "Sa mata takalmi." Da suka zo sauka ya dubi tagar ya ce, "Yaya, haka za ka bar mana ita a buɗe?" Mai Gilashi ya koma ya sa gilashin cikin gaggawa, ya ce bai taɓa yin aiki mai muni kamar wannan ba, kuma har yau Auta ya hana a gyara.

Da la'asar suka shiga ɗakin Baba. Ƙannen mata na nan da 'ya'yansu, ɗaki ya cika har baranda. Baba ya rame, idanu sun faɗa. Ya ga Auta, ya ɗaga hannun hagu, Auta ya durƙusa ya kifa fuska a tafin.  Sai Mai Gilashi ya ɗauki yarinyar ya tsaya a gaban gadon, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Baba, an yi wa Auta haihuwa. Mace ce. Shekara uku ke nan, ni na ɓoye maka."

Baba ya juyo gare shi. Babu tabarau a fuskarsa, amma ya sunkuyar da kai ya dube shi ta sama, yadda ya saba. Bakinsa ya karkace, ya yi ta kokawa da harshe. Sai ga murya ta fito a shaƙe, kalma biyu, na farko tun ranar da ya faɗi:

"Sake... ƙirgawa."

Mai Gilashi ya juya ya fara ƙirga jikoki da yatsa, yana dafa kan kowane, daga mai gemu har ƙaramin cikinsu, yana kuka yana ƙirgawa, yara na dariya suna taya shi. Ya kai sha shida, ya dafa kan wadda ke hannunsa, ya ce, "Sha bakwai." Matarsa, da ba ta wasa da dama, ta riga ta miƙa wa yarinyar cokali. Yarinya ta kai bakin kakanta ta ce, "Ha!" Baba ya buɗe baki.

Kwana ɗaya kafin nan ma ba a yi zaton zai kai mako ba, amma ya ƙara shekara biyu da wata huɗu a duniya, maganarsa ta dawo rabi, isasshiya dai don gyara wa mutane lissafi. Shi da kansa ya sa aka goge tsohuwar lambar, aka riƙe masa allon ya rubuta sabuwar da hannun hagu. Mako shida bayan dawowar Auta gida, matarsa ta haifi namiji. Mai Gilashi ya zo da alli da gudu, wai a ƙara lamba, Baba ya ture hannunsa yana dariya har da tari, ya ce, "Tana ciki." A nan ne maganar Shehi ta faɗo masa, ya tsaya da alli a hannu.

Ya je ya durƙusa gaban Shehi ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan karama ce."

Shehi ya ce, "Lissafi ne. Yana cikin littattafai, mahaifinka ya fi ni saninsa."

"To cikin fa? Da tagar?"

"Ciki na Allah ne. Taga kuma aikinka ce." Ya miƙa hannu wajen ɗalibin da ke kusa. "Ina muka tsaya jiya?"

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan lamarin ke nan. Mai Kemis ya ce shi ya gwada rabon da wayarsa ya tabbatar, amma tagar ya rasa inda zai latsa.

Wannan kaɗan ne daga abin da muka gani na Shehinmu, ma'abocin ilimi da tawali'u, mai suturta bayin Allah, mai mayar da zumunci inda ya yanke. Ya Allah, Ka ƙara masa daraja, Ka haskaka makwancin Baba da na iyayenmu, Ka ba mu albarkacin bayinKa na gari. Wanda muka goge daga zukatanmu bisa fushi, Ka ba mu ikon sake ƙirgawa tun da sauran numfashi. Ranar da za Ka raba rahamarKa kuma, ya Mafi adalcin masu hisabi, Ka sa mu cikin waɗanda rabon ya isa, kada Ka bar ɗayanmu saura. Amin.